Awa Uku a Kasuwar Madani

Likitan bai ja magana ba. Ya kira Jibirin bakin ƙofar ɗakin jinya, ya rage murya, ya ce masa da Larabci su ɗauki mutuminsu su kai shi gida. Duk wanda ya taɓa jinya a Wad Madani ya san abin da ake nufi da wannan. Jibirin ya gyaɗa kai har da godiya, sannan ya zagaya bayan gini ya tsaya kusa da famfo sai da idonsa ya bushe.

Mutumin nasu wansa ne, Salih, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin da takwas Salih ya yi yana jan lori a hanyoyin yankin Jazira, yana kwasar auduga da gyaɗa da dawa daga ƙauye zuwa ƙauye, kuma shi ya ɗora hannun Jibirin a kan sitiyari tun gemu bai fito masa ba. Yanzu ciwon hanta ya cinye shi. Kwana goma sha tara yana kwance, babbar 'yarsa Widad na jinyarsa, kuma tun kwana na uku ba shi da magana sai guda ɗaya, a mai da shi wajen Dije.

Dije matarsa ce, kuma ba ta iya zuwa ba. Tun da ta faɗi bara ta karye a ƙugu, daga gado sai tabarma. Abin da ya fi ciwo shi ne sun rabu ba daɗi. Wata biyu tana roƙonsa ya je a duba shi yana cewa shawara ce kawai, za ta wuce. Ranar da jikin ya kayar da shi, tsoro ya sa ta faɗa masa maganar da ta fi ƙarfin bakinta, shi ma ya mayar mata, aka ɗauke shi ba wanda ya yi wa wani sallama. Shekara arba'in da ɗaya da aure, a ce a nan za a tsaya. Widad ta sha kara masa waya a kunne, sai ya tambayi awaki, ya tambayi ko an sako wa gona ruwa, ya miƙo mata wayarta. Abin da ke bakinsa ba na waya ba ne, balle 'yarsa na tsaye a kansa. So yake ya zauna gaban Dije ya ce ta yafe masa, ya ji da kunnensa ta ce ta yafe.

Daga asibitin zuwa ƙauyensu, Hillat Bawa, awa ɗaya da rabi ce in an bi bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Jibirin ya duba agogo, ƙarfe goma saura. Ya kira gida ya ce a gaya wa Dije ta sa ran ganinsu kafin azahar.

Bai mayar da wayar aljihu ba ta yi ƙara. Baffa Osman ne, ƙanen mahaifinsu, wanda shi kaɗai ya rage musu a manya.

"Jibirin, likita mi yac ce?"

"Ya ce mu taho gida, Baffa."

Tsohon ya yi salati, sannan ya ce, "To saurara da kyau. Nan gari shagon Bilyaminu babu hwarin yadi. Tun da anka fara yaƙin ga kaya ba su isowa, ɗan da ya rage mun suturta Malam Hamidu da shi makon jiya. In abin ya zo, mu aje mutum kamar Salih shi kwana muna neman ƙyalle gida gida? Ka biya suk, kasuwar Madani, ka sawo likkafani da turare. Kuma kada shi ya ji, kada Dije ta ji. Ba a yi ma mace wagga magana mijinta na numfashi."

Kada wani ya ɗauka Baffa Osman mugu ne. Shekara talatin shi ke wanke gawar Hillat Bawa, kuma a wurinsa babu abin kunya kamar mamaci ya jira masu rai. Shi kuwa Jibirin ya tashi ya tarar mai mota ba ya ƙin saƙo. A boksinsa, wannan tsohuwar farar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, ya ɗauko wa mutane maganin ido, da siminti, da takalmin amarya, da kan keken ɗinki, bai taɓa cewa ba hanyarsa ba ce. Yau da saƙon ya zama na gidansu, kuma daga bakin Baffa, ina zai fara musu? Ya ce to. A ransa ya lissafa minti goma shiga, minti goma fita. Madanin da ya sani yake lissafawa.

Sun shimfiɗa wa Salih katifa a kujerar baya, ya dube ta ya kau da kai.

"Ni buhun gyaɗa na da za ku aza ni baya? Gaba zan zauna, in ga hanya."

Haka suka kwantar masa da kujerar gaba, suka tokare shi da matasai. Bai fi nauyin yaro ba da Jibirin ya ɗaga shi. Widad ta zauna a baya, ta riƙe gorar ruwa da ɗan tsumma.

A mararraba ta farko, hanyar gida tana dama. Jibirin ya karya hagu.

"Ina kuma?" in ji Salih, ido a lumshe.

"Bel ɗin fanka zan saye, Yaya. Ya fara kuka."

Salih ya karkata kai ya saurari injin. "Bel ɗinka lahiya lau. Hantata ta mutu, kunnena bai mutu ba. Hwaɗi gaskiya, saƙon mata anka ba ka."

Jibirin ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba, ya bar shi a haka. Kunya ta rufe shi, don rabon da ya yi wa wansa ƙarya tun yana ƙaramin yaro.

Tun da yaƙi ya tashi a Khartum, mutanenta suka kwararo Madani da duk abin da ke da taya. Garin da aka yi wa tituna daidai cikinsa ya wayi gari da baƙin da suka ninka shi. Motoci masu katifu ɗaure a sama, bas-bas, manyan motocin kaya, amalanken jakuna, ga kuma raksha, waɗannan 'yan kekunan masu ƙafa uku da ba su san gaba ba su san baya ba, in sun ga tazarar da kaza za ta wuce sai sun cusa kai. Jibirin ya shiga titin kasuwa a hankali, ya wuce masu shayi, ya wuce masu gyaran waya. Sai ya tarar layin masu jiran mai ya cinye rabin titi, wata bas kuma ta mace a ɗaya rabin, direbanta na kwance ƙarƙashinta. Ya duba madubi don ya ja da baya. Raksha biyar sun riga sun manne masa, bayansu tirela.

Ya ce musu yana zuwa, ya sauka ya kutsa da ƙafa. Abin haushi, sayayyar ba ta ɗauke shi minti goma ba. Mai shagon ya auna yadin, ya naɗe, ya haɗa masa da turaren, ya yi masa ta'aziyya. Jibirin ya buɗe baki zai ce mutumin na nan da ransa, ya ga ba zai iya ba, ya amsa da amin. Ya dawo ta bayan mota ya cusa ledar ƙarƙashin tamfol. Da ya ɗago suka haɗa ido da Widad ta gilashin baya. Ta ga gefen farin yadin. Ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Motar kuwa tana nan inda ya bar ta, ko taku ɗaya ba a matsa ba.

Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi. Rana ta tsaya a kan rufin, ƙarfen ƙofa ya yi zafin da ba a jingina hannu. Kowa na danna hon, kamar ƙarar ce za ta ɗauke bas ɗin. Ɗan sandan hanya ya hura usur har ya gaji, ya koma inuwar wani shago ya tsaya yana kallo tare da kowa. In an matsa tsawon tabarma sai a kashe inji, don mai ya yi wuyar da ba a ƙona shi a tsaye. Hayaƙi ya cika motar. Widad na jiƙa tsumma tana goga wa mahaifinta a goshi da leɓe.

"Wanga ba tuƙi ba na," in ji Salih a hankali. "Gadin mota na. Dubi wancan, shekara nawa zai yi yana riƙe da sitiyari bai san daɗin giya ta huɗu ba?"

Jibirin ya sake sauka. Ya bi motoci ɗaya ɗaya yana roƙo, yana cewa yana da majinyaci, a taimaka a buɗa masa. A hanyoyin ƙauye wannan kalma kaɗai ta isa. Mai tarakta zai gangara cikin gona ya ba ka wuri, mai amalanke zai sauka ya ja jakinsa gefe, har a bi ka da addu'a. Nan kuwa wani mai gilashin ido, da ka gan shi ka ga ma'aikacin ofis na Khartum, ya saurare shi har ƙarshe sannan ya nuna masa kujerarsa ta baya. Wata tsohuwa ce kwance, an rataye mata ledar ƙarin ruwa a jikin ƙofa.

"Ya zol, bawan Allah, ni shiga mustashfa, asibiti, nake son yi tun safe," in ji mutumin. "Ma'alesh, yi haƙuri. In ka samu hanya ka kira ni."

Ba wanda ya hana shi hanya, hanyar ce babu. Wannan ya fi ƙona masa rai, don ko wanda zai zaga bai samu ba, sai kansa.

Aka kira azahar a masallacin kasuwa. Jibirin ya ji kiran, ya san yanzu Dije ta sa an jawo mata tabarma bakin ƙofa. Numfashin Salih ya canja, yana ja da tsawo sannan ya tsaya, sai ka ƙirga uku kafin wani ya zo. Jibirin ya ciro waya.

"Yaya, in kira maka ita? Widad sai ta sauka, ni ma in sauka."

Salih ya girgiza kai. "A tsakiyar suk, ana ta hon? Haba Jibirin. Ai mun kusa."

Sai wajen ɗaya da rabi wasu samari suka taru suka tura bas ɗin gefe. Titi ya buɗe kaɗan kaɗan. Jibirin ya fita daga kasuwar gumi ya jiƙa masa jallabiya har gwiwa, ya bi kwalta zuwa ƙarshen gari, ya wuce shingen bincike, sannan ya sauka dama ya hau bakin tur'a.

Nan duniya ta koma yadda ya san ta. Damina ta ɗauke ba da daɗewa ba, ƙasar ta bushe ta kwanta sumul, ba laka ba rami. Ruwa na tafiya a hagunsu cike da bakinsa, a dama dawa ta sunkuyar da kai, gaba kuma fili har inda ido ya gaji. Iska ta shigo ta kori hayaƙin birni, ta kawo ƙamshin gyaɗar da aka tuge. Balbelu suka tashi daga bayan shanu. Wani mai ban ruwa ya ɗago daga cikin gonarsa, laka har gwiwa, ya ɗaga musu hannu, Jibirin ya amsa masa da hon sau biyu yadda ake yi. A nan hon gaisuwa ce.

Salih ya buɗe ido sosai, karo na farko tun safe. Ya sa Widad ta ɗaga masa kai.

"Sake mata," ya ce. "Kana riƙe ta kamar amarya. Sa ta huɗu."

Jibirin ya sa ta huɗu. Tsohuwar boksin ta miƙe, ƙura ta tashi a bayansu, ba kowa gabansu sai hanya. Salih ya zura hannu ta taga iska na kaɗa masa yatsu. Sai ga shi yana ba da umarni kamar da, ka bi gefen ruwa nan, tsakiyar tana da tudu, rage kafin bagaruwar can akwai gangara. Duk ya san su, Jibirin ma ya san su, amma ya riƙa cewa to Yaya. Salih ya nuna wa Widad inda lorinsa ta taɓa kafewa da buhu ɗari na auduga, mutanen ƙauye uku suka fito da igiya, aka ciro ta aka yanka masa rago a kan wahalar da ya ba su. Har dariya ya yi, ƙarama, wadda ta ƙare da tari.

"Yaba, ka huta," in ji Widad.

"Hutun ke nan, ɗiyata. Kwana sha tara ban huta ba sai yanzu."

Daɗi ya kama Jibirin, shi da kansa ya ji kunyar daɗin. Ga wansa a gefensa, ga hanya a buɗe, ga inji na amsawa. Ya fara gaya wa kansa za su kai. Likitoci ma ai mutane ne, mai wannan bakin ba yau zai tafi ba. Ya ƙara taka mota, yana kaucewa kowane ɗan tudu tun daga nesa don kada ta girgiza shi.

Suka wuce kambo, wato sansanin masu cirar auduga. Salih ya ɗora hannunsa a kan na Jibirin bisa sandar giya, ya bar shi nan. Leɓensa na motsi. Jibirin ya karkato ya ce, "Na'am, Yaya?"

"Ba da kai nike ba. Maganar da zan yi mata nike gyarawa."

"In akwai abin da zan riƙe maka, hwaɗa mini."

"A'a. Wagga da bakina za ta ji ta."

Daga ƙaramar gadar da ake kira Kubrin Zahra'u ana hango hasumiyar masallacin Hillat Bawa da tankin ruwa. Kwata ɗaya ce ta rage, ko jaki ya san haka. Jibirin ya rage gudu zai hau gadar, ya nemi sauya giya, sai ya ji hannun da ke kan nasa ya yi nauyi, bai matsa masa ba. Widad ta ce wa ƙanen mahaifinta, "Ammi, tsaya." Ya tsaya. Ta leƙo ta kira Yaba sau biyu, ta sa kunne a ƙirjinsa, sannan ta fara kalmar shahada da ƙarfi tana kuka. Jibirin ya shafe masa ido, ya kwance rawaninsa ya ɗaure masa haɓa. Ya daɗe zaune hannu bisa sitiyari, ruwa na wucewa ƙarƙashinsu. Sauran hanyar a giya ta biyu ya yi ta.

Kafin ya kashe inji a ƙofar gida maza sun taru, mata sun ɗauki kuka a ciki. Aka shigar da Salih zaure. Baffa Osman ya rungume Jibirin, ya yi masa ta'aziyya, sannan ya tambaye shi a kunne ko ya samo. Jibirin ya nuna tamfol. Tsohon ya ciro ledar ya leƙa, ya gyaɗa kai.

"Allah shi yi maka albarka. Kun gani? Komi ya zo tare. Bayan la'asar za mu kai shi, ba za shi jira kowa ba."

Mutane suka amsa da madalla. Jibirin ya ji kamar ya nutse cikin ƙasa. Sai wata mata ta leƙo ta ce Dije na kiransa.

Ya same ta zaune a tabarma bakin ƙofar ɗakinta, ta jingina da bango. Ta yi wanka, ta sa tufafinta masu kyau, ga tiren shayi a gefe an rufe da ƙyalle, kofi biyu, ya daɗe da hucewa. Ba ta kuka. Ta sallami matan da ke kewaye da ita, ta ciro wani ɗan makulli da ke rataye a wuyanta ta miƙa masa.

"Buɗe akwatin ƙarhen can. Can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa."

Ya durƙusa ya buɗe. A ƙasan akwai farin yadi ɗauri biyu, an naɗe su tsaf, suna ƙamshin sandal.

"Na sama nashi na, na ƙasa nawa," in ji Dije. "Shekarar da munka tahi Makka ya saye su, ya wanke da zamzam da hannunshi. Ya ce kada a sa mishi wani in ba shi ba. Ka kai ma Baffa."

Jibirin ya miƙe da yadin a hannu. Tambaya ɗaya ce da an yi wa matar nan da safe, ko shi Salih da ke zaune a gefensa cikin mota, da ba a biya kasuwa ba.

"Kun ce kahin azahar," ta ce. "Mi ya tsai da ku?"

Ya dubi yadin da ke hannunsa. Daga zaure sai ga ƙarar yage sabon yadi, kyaaat, dogo, sannan wani. Baffa ya fara aikinsa. Dije ta juya kai wajen ƙarar. Mace ce da ta yi shekaru tana ɗinki, ba ta bukatar a gaya mata. Ta dubi abin da ke hannun Jibirin, ta dube shi.

"Suk kunka biya."

"Eh."

"Kunka daɗe?"

"Awa uku."

"A ina ya cika?"

"Kubrin Zahra'u."

Ta rufe ido. Ta san nisan wurin kamar yadda ya sani. Ya jira ta zage shi, ya ma so ta zage shi, ba ta yi ba.

"Ya bar mini magana wurinka?"

Nan Jibirin ya ga ƙofa a buɗe. Zai iya cewa ya ce ki yafe masa, kuma ba zai yi nisa da gaskiya ba. Amma ƙaryar da ya yi da safe tana nan a maƙogwaronsa, ba wurin ta biyu.

"Na tambaye shi, Yaya Dije. Ya ce da bakinshi za ki ji ta. Yana cikin gyara ta."

Sai a lokacin hawayen suka zubo mata, ba sauti. Ta sa hannu ta dafa tabarmar, gefen da ta bar wa Salih.

"Tun ranar da anka tahi da shi na yahe," ta ce. "Na riƙe ne in hwaɗa mishi in ya zo. To yanzu Jibirin, wa zan hwaɗa ma?"

Daga zaure Baffa Osman ya ɗaga murya yana kiran Jibirin ya zo ya zuba wa ɗan'uwansa ruwa. Ya fita da yadin a hannu.